Yadda ake zaman karatu a Jamus: ɗaki, takardu, tukunya da tikitin jirgin ƙasa

Ranar Asabar da daddare na sauka Jamus, da akwatuna biyu da cikin da rabonsa da abinci tun a jirgi. Na ce bari in kwanta, gobe da sassafe na fita cefane. Gari ya waye Lahadi. Na taka unguwar nan ciki da bai, kanti ko ɗaya babu a buɗe, titi tsit kamar an yi shara. Wani dattijo mai yawo da kare ne ya ga alamar baƙunta a jikina, ya kwatanta min tashar jirgin ƙasa, a can na samu burodi da madara da tsada. Ba yajin aiki ake yi ba, ba kuma wani biki ba ne. Haka kowace Lahadi take a ƙasar.

Na fara da wannan ne, ƙanena, don ka san irin ƙasar da za ka shiga. Zaman Jamus jeri gare shi. Kowane abu da ranarsa, da takardarsa, da abin da dole ya riga shi. Wanda ya bi jerin, kuɗinsa kan kai shi ƙarshen wata har ya samu na yawo. Wanda ya tsallake ɗaya, sai ya shafe zango guda yana biyan tara da zaryar ofis. Zan kawo maka su yadda suke zuwa.

Na farko: ɗaki, tun kafin biza

Ranar da takardar gurbin karatu ta zo hannunka, ranar za ka fara neman ɗaki. Kowane garin jami'a yana ƙarƙashin wata hukumar walwalar ɗalibai da ake kira Studierendenwerk, ita ke riƙe da gidajen kwanan ɗalibai da wuraren cin abincinsu. Ɗakunanta sun fi ko'ina sauƙin kuɗi, shi ya sa layin yake da tsawo, a birni irin Munik ma mutum kan jira fiye da zango guda. Cike fom ɗin ba zai rage ka da komai ba, ka cike, sannan ka ci gaba da nema a waje.

A wajen, abin da yawancin ɗalibai ke shiga shi ne gidan haɗaka, wanda kowa ke kira WG, a furta "ve-ge". Kowa da ɗakinsa, a haɗa kicin da banɗaki. Waɗanda ke cikin gidan su ke zaɓen wanda zai shigo, sai su gayyace ka hira, su yi ta auna ka kamar masu binciken suruki. Saboda haka in za ka tura saƙo a shafi irin WG-Gesucht, kar ka tsaya a "ɗakin yana nan?" Faɗi abin da kake karanta, ko kana girki, ko kai mai kwanciya da wuri ne. Da yawa ba za su amsa ba. Kar ka sa a ranka, tura na gaba. Ke kuma ƙanwata, akwai gidajen da mata zalla ne, ana iya tace nema a kansu.

Abu uku ka riƙe. Kar ka tura wa kowa kuɗi kan ɗakin da ba ka gani ba, musamman mai cewa yana ƙasar waje zai aiko maka da makulli. Tsohuwar damfara ce kuma har yau tana ci. Ka bambance Kaltmiete, wato kuɗin haya zalla, da Warmmiete, wanda aka haɗa da ɗumama ɗaki da ruwa da kwasar shara. Sannan kuɗin ajiyar da mai gida ke karɓa, Kaution, doka ta hana ya wuce hayar wata uku zalla, kuma kana da damar biyansa sau uku. Ranar shiga ka ɗauki hoton kowane tabo na bango da ƙasa, don ranar fita da su za ka ƙwato kuɗinka.

Tambayar da ta fi duk waɗannan: za a iya rajista a adireshin? In aka ce a'a, bar ɗakin komai kyansa.

Na biyu: sarƙar takardu

Dalili kuwa, rajistar adireshi, Anmeldung, ita ce kan sarƙar. Doka ta ba ka mako biyu daga ranar da ka tare. Za ka je ofishin rajistar mazauna gari da fasfonka da wata takarda da mai gida zai sa wa hannu cewa lallai ka shiga gidansa, sunanta Wohnungsgeberbestätigung. Kar tsawon sunan ya tsorata ka, shafi ɗaya ce. A manyan birane samun ranar ganawa kan wuce mako biyun, to ka kama ranar da wuri ta intanet ka ajiye shaidar.

Da ka dawo gida, ka rubuta sunanka ka manna a akwatin wasiƙa. Kar ka raina wannan. Ɗan aiken gidan waya suna yake bi, in bai ga naka ba sai ya mayar da wasiƙar, ga shi kuma ƙasar nan har gobe a ambulan take magana da mutane. Ta nan lambar harajinka mai alƙaluma 11 za ta zo bayan 'yan makonni, ta nan katin banki zai zo, lambar sirrinsa ta biyo baya a wata wasiƙar daban. Ka mayar da buɗe akwatin nan kamar wanke fuska. Wasiƙar da ba ka gane ba kar ka jefa a durowa. Ka kai wa wanda ya iya Jamusanci a ranar, don kusan kowacce tana ɗauke da wa'adi.

Sai asusun banki na yau da kullum, inda kuɗinka na kulle, wato kuɗin da ɗalibin waje ke ajiyewa a wani asusu na musamman don shaidar zai iya riƙe kansa, zai riƙa sauka. Tun Satumban 2024, abin da ake so ɗalibi ya kulle na shekara shi ne yuro 11,904, ana sakar masa 992 duk wata. Sai inshorar lafiya, wadda jami'a ba za ta yi maka rajista ba sai da ita. Wanda bai kai shekara 30 ba yana shiga ta gwamnati a farashin ɗalibai, a kamfanoni irin TK ko AOK ko Barmer. A 2025 wajen yuro 140 ne a wata. Daga ƙarshe ofishin baƙi, Ausländerbehörde, inda za a juya bizarka ta zama katin izinin zama. Ka shigar da buƙatar kafin bizar ta ƙare, ko da ranar ganawar ta yi nisa, ka adana shaidar cewa ka shigar.

Akwai wasiƙar da ke ba kowane baƙo haushi: kuɗin kafofin yaɗa labarai, yuro 18.36 a wata. Ko kana da talabijin ko ba ka da shi, ana biya. Sauƙinta ɗaya, a kan gida ake biya ba a kan mutum ba, don haka a WG mutum ɗaya ke biya ku raba, sauran su aika da lambarsa. Masu share ta suna nan, kuma bashin yana nan yana jiransu da ƙari.

Yanzu ka zauna da biro. Daga 992 ɗin nan cire haya, cire inshora, cire kuɗin waya da na labarai, sannan ka ware wani abu duk wata don kuɗin zango, Semesterbeitrag, 'yan ɗaruruwan yuro da ake biya sau biyu a shekara. Yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, ban da irin na jihar Baden-Württemberg da tun 2017 ke karɓar yuro 1,500 duk zango daga ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba. Amma kuɗin zangon kowa na biya, kuma wanda ya bari wa'adinsa ya wuce ana iya cire sunansa daga rajista. Abin da ya rage bayan wannan lissafi shi ne cikinka. A Laifzig zai ɗan yi auki, a Munik ko Frankfurt sai ka yi da gaske.

Na uku: ciki

A nan zan daɗe, don a nan kuɗin ɗalibi ke zurarewa ba tare da ya ji ƙararsa ba.

Ka tsayar da ranar cefane, Juma'a da yamma ko Asabar da safe. Ban da Lahadi, akwai ranakun hutu da suka bambanta daga jiha zuwa jiha, ga 3 ga Oktoba ta ƙasa baki ɗaya, ga 25 da 26 ga Disamba, ga Juma'a da Litinin na Ista. A jihar Bavariya kuma ƙarfe 8 na dare an rufe kantuna ko da ranar aiki ce. In ta kama ka dole, kantunan manyan tashoshin jirgin ƙasa da gidajen mai suna buɗewa, amma aljihunka zai gaya maka.

Kayan yau da gobe, shinkafa, taliya, dankali, ƙwai, albasa, tumatirin gwangwani, mai, madara, ka saye su a kantuna masu rahusa irin Aldi, Lidl, Penny ko Netto. Kar ka kalli babban farashin da ke kan kanta, kalli ƙaramin rubutun da ke ƙasansa, farashin kilo ko lita. Da shi ake gane wanne ne mai araha da gaske. Kayan da ke kantar ƙasa kusa da ƙafarka sukan fi na daidai ido sauƙi. Ka tafi da jakarka, don leda sayarwa ake yi, da kwabbon yuro ɗaya na cire keken tura kaya. A wajen biya kuma ka shirya: mai karɓar kuɗin nan tana wurgo kaya kamar ana korarta, babu mai zuba maka, na bayanka kuma yana kallon agogo. Dabarar ita ce ka jera masu nauyi a gaba, ka kwashe komai ka mayar cikin keken, ka biya, ka koma gefe ka shirya jakarka a tsanake.

Ruwan famfo ana sha, kuma mai kyau ne. In ka ce sai na gora, to ka karanta. Ni dai ƙunshin gora shida na saɓa har hawa na huɗu, na ɓalle ɗaya cikin ƙishi, na kurɓa, hancina ya ɗauka. Wanda aka rubuta wa Classic ko Medium mai gas ne. Still ko Naturell shi ne ruwan da ka sani. Gorar kuma kar ka yar. Akwai kuɗin jingina a kanta, Pfand, sent 25 kan gorar roba da gwangwani, 8 ko 15 kan kwalaben da ake sake cikawa. Ka tara su, ka zura a injin da ke bakin kanti, ya ba ka rasit a rage maka a wajen biya. In kana waje ba ka son ɗauka, ajiye ta a gefen kwandon shara, akwai masu tsintarsu suna rufa wa kansu asiri.

In kai musulmi ne, akwai kalmomin da ya kamata ka haddace kafin ka iya gaisuwa ma. Schwein alade ne. Schinken, Speck da Schmalz, in ba a ambaci wata dabba ba, nasa ne. Niƙaƙƙen naman da aka rubuta wa gemischt gamin naman shanu da na alade ne, kuma shi ya fi yawa a firijin kanti. Gelatine da ke cikin alawar roba da wasu kayan zaƙi yawanci daga alade take. Har tsiran Turawan da aka zana wa kaza a jiki, ka juya bayansa ka karanta, don wani lokaci ana gauraya shi. Wasu cakulan da kek kuma akwai giya a ciki. Rind sa ne, Lamm ɗan rago, Hähnchen kaza, Pute talo-talo. Naman yanka kuwa sai shagunan Turkawa da Larabawa, inda za ka ga an rubuta helal ko halal. Kusan babu garin jami'ar da babu su, kuma ganye da kayan ƙamshi da babban buhun shinkafa sukan fi sauƙi a wurinsu. Abin da ka saba ci wanda babu a kantin Bature, ka leƙa shagunan 'yan Afirka da na 'yan Asiya, amma ka mayar da shi na marmari, da tsada yake. Barkono ma can za ka nema, don abin da Bajamushe ke kira mai yaji ko yaro ba zai sa tari ba. Kar kuma ka ce za ka taho da guzurin nama ko na madara a akwati: an hana shigo da su daga wajen Tarayyar Turai, ko busasshe ne, kwastan za su karɓe, wataƙila har da tara.

Girkin kansa sau biyu a mako ya isa. Lahadi, tunda babu inda za ka, ka ɗora babbar tukunyar miya, ka raba a robobi, biyu a firiji, sauran a firiza. Laraba da dare ka ƙara wata. Abin da za a ci da ita minti 15 ne. Wanda ya dawo daga lacca ƙarfe shida, duhu ya yi, sanyi na cizo, firiji kuma wayam, ƙafarsa da kanta za ta kai shi shagon döner, wato yankakken gasasshen nama a cikin burodi. Abinci ne mai daɗi, Turkawan Barlin ne suka yayata shi a farkon shekarun 1970, amma yanzu a manyan birane ya haura yuro 6 ko 7. Sau biyar a mako, lissafa ka gani.

Na rana kuma ka ci a Mensa, wurin cin abincin jami'a. Farashi uku ne a allo, na ɗalibai, na ma'aikata, na baƙi, naka ne mafi ƙanƙanta, 'yan yuro kaɗan, da kati ake biya. Ana sa alamar abin da ke cikin kowane abinci, kuma kullum akwai wanda babu nama. Ba zan yi maka ƙarya ba, wata rana gishiri ma sai ka ƙara. Amma da zafinsa, kuma a teburin nan ne za ka san 'yan ajinku. Su Jamusawa da dare burodi da cuku suke ci, sanyi ƙalau, har sunan abincin daren nasu Abendbrot, burodin yamma. Ƙasar da ke da nau'in burodi sama da 3,000 a rajista ba za ka ga laifinta ba. Ka gwada baƙin nan mai nauyi, yanka biyu ya riƙe ka har azahar.

Na huɗu: zama da mutane

In ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi taka ka ɗaura. Shara rabawa ake yi: rawaya na robobi da gwangwanaye, shuɗi na takarda, ruwan ƙasa na ɓawo da ragowar abinci, baƙi na sauran tarkace, kwalabe kuma a kai su manyan tankunan unguwa bisa launinsu, ba da dare ba, ba ran Lahadi ba. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne. Wayar nan da muke yi da gida da murya sama, ana dariya ana tafi, bango yana kai ta. Maƙwabci ba zai ƙwanƙwasa maka ba, takarda za ka tarar a ƙofa, kuma ita ce gargaɗin farko. A WG akwai jadawalin shara da wanke banɗaki a jikin firiji; in makonka ne, ka yi, ba sai an tuna maka ba.

Hita kuma lamba 3 tana ba da wajen digiri 20, ta isa. Murɗa ta zuwa 5 ba ya sa ɗaki saurin ɗumi, sai dai ya jawo maka cikon kuɗi a lissafin ƙarshen shekara. Safe da yamma ka wangale taga minti biyar zuwa goma ko ana ƙanƙara, musamman bayan girki ko shanya a ɗaki. In ba haka ba fumfuna ta kama bango, a cire a kuɗin ajiyarka. Ka yi inshorar ɓarna, Haftpflicht, 'yan yuro ne a wata, ka tabbatar ta haɗa da ɓatan makulli, don makullin babban gida in ya ɓata ana iya cewa a sauya na kowa. Kuma kar ka sauke fim ta hanyar torrent, wato manhajar da mutane ke musayar fina-finai da ita a intanet. Wasiƙar lauya ce za ta biyo baya, da ɗaruruwan yuro a ciki.

Na biyar: ranar karatu, da hunturu

In ka ga an rubuta lacca ƙarfe 10 c.t., goma da kwata ake nufi; s.t. shi ne goma cif. In malami ya gama, ba tafi ake yi ba, tebur ake ƙwanƙwasawa da bayan yatsu. A laccoci da yawa babu mai kiran suna, babu mai tambayar ina ka shiga, kuma nan ne tarkon: jarrabawa guda a ƙarshen zango ita ce komai, kai za ka yi mata rajista da kanka cikin wa'adi, kuma a yawancin kwasa-kwasai damar maimaitawa ƙidayayya ce. Ka ɗauki laburare kamar wurin aiki, ka shiga da safe ka fito da yamma. In rashin lafiya ta kama ka ranar jarrabawa, ka je wa likita a ranar ya ba ka takarda. Da dare ko ƙarshen mako lambar likitan ko-ta-kwana 116117 ce, ta gaggawa 112, 'yan sanda 110.

Aiki kuwa, tun Maris na 2024 an yarda ɗalibin waje ya yi cikakkun kwanaki 140 ko rabin yini 280 a shekara, mafi ƙarancin albashi kuma yuro 13.90 ne a awa daga Janairun 2026. Shawarata, in da hali ka bar zangon farko ya wuce tukuna.

Yawancin baƙi a Oktoba suke zuwa, daidai lokacin da rana ke janye jiki. A Barlin, ƙarshen Disamba, sai bayan takwas take fitowa, kafin huɗu ta faɗi. Azahar, la'asar da magariba duk suna matsuwa cikin awa huɗu, a tsakiyar laccoci, don haka ka nemi ɗakin shiru na jami'a ko wani lungu a laburare tun makon farko, ka kuma tambayi ƙungiyar ɗalibai musulmi inda ake Juma'a. A Yuni abin ya juye, rana tana nan har bayan tara da rabi na dare. Sanyin kansa riga ke maganinsa, ka jera sirara biyu ko uku a ƙarƙashin babbar rigar da iska ba ta ratsawa, da takalmin da ruwa ba ya shiga. Duhun ne da kaɗaici ba su da riga. Za ka wayi gari ba ka son tashi, ba ka son ganin kowa, ka rasa dalili. Ka yi wa likita maganar bitamin D, don mai baƙar fata ya fi saurin rasa shi a irin wannan yanayi. Ka yi rajistar wasannin jami'a ranar da aka buɗe, ƙwallo ko iyo, da wuri suke cika. Ka nemi abokin musayar harshe. In abin ya yi nauyi, hukumar walwalar ɗalibai tana da masu ba da shawara kyauta, kuma zuwa wurinsu ba abin kunya ba ne.

Na shida: fita

Saboda wannan ne ban ɗauki yawo a matsayin almubazzaranci ba. Kuma kusan kyauta ne, don a jami'o'i da yawa kuɗin zangon da ka biya ya haɗa da tikitin ƙasa baki ɗaya. Sunansa Deutschlandticket, ya fara a Mayun 2023 kan yuro 49 a wata, ya koma 58 a 2025, ya koma 63 a 2026, ɗalibai kuma kashi 60 cikin 100 suke biya. Da shi za ka hau bas, taragon kan titi, jirgin ƙarƙashin ƙasa da jiragen yanki masu alamar RE da RB, daga wannan ƙarshen ƙasar zuwa wancan. Ban da ICE, IC da EC, fararen nan masu gudu. Babu shinge a tashoshi, babu mai tare ka a ƙofa, amma masu duba tikiti sukan shigo, wani lokaci cikin kayan gida, kuma tarar yuro 60 ce. Tikitin a waya yake, don haka cajin waya da katin shaida su ma tikiti ne.

Ka fara da garinka. Asabar ɗaya ka hau tarago har ƙarshen layi ka dawo, ka ga unguwanni. Ka leƙa kasuwar gwanjo, Flohmarkt, inda tukunya da fitila da keke suke a arha. Akwatin da ka gani a bakin ƙofa an rubuta zu verschenken kuwa kyauta ne, ɗauki abinka. Daga nan sai ka faɗaɗa.

In kana yamma, ka bi jirgin yanki tsakanin Koblenz da Bingen, wajen kilomita 65 a gaɓar kogin Rhein, ka zauna ta ɓangaren ruwa: gonakin inabi a jikin tsauni, tsofaffin fadoji kusan 40, wurin da UNESCO ta sa a jerinta a 2002. A Kolon kana fitowa daga tasha babbar majami'ar nan za ta tsaya maka a gaba, mita 157, an fara ta a 1248 ba a gama ba sai 1880. In gwiwarka na da ƙwari, matakala 533 ne zuwa sama. Babban masallacin unguwar Ehrenfeld, wanda aka buɗe a 2018, yana nan kusa, ka yi sallah a can. Rabin awa daga nan sai Bon, tsohon babban birnin Jamus ta Yamma, inda gidan tarihin Haus der Geschichte yake, shiga kyauta. Can ne kuma gidan DW, muryar nan da muka taso muna ji a rediyo. Tsayawa a gaban ginin kaɗai sai ka ji kamar ka ga ɗan'uwa.

A Hamburg kar ka biya jirgin 'yan yawon buɗe ido. Jirgin fito mai lamba 62 daga Landungsbrücken yana cikin tikitinka, zai ratsa da kai tashar jiragen ruwa ka sha kallo. A Barlin akwai ragowar katangar da ta faɗi a 1989, kilomita 1.3 da aka cika da zane; akwai ƙubbar majalisar dokoki, kyauta amma sai an yi rajista tun kafin ranar; akwai filin jirgin Tempelhof da aka rufe a 2008, yanzu mutane ke tuƙa keke a kan titin da jirage ke tashi. Ka kuma bi ta titin Wilhelmstraße ka nemi allon da ke nuna inda aka yi taron 1884 zuwa 1885, wanda Turawa suka zauna suka tsara rabon Afirka babu ɗan Afirka ko ɗaya a teburin. Allo ne kawai a gefen hanya, mutane na wuce shi da kofin gahawa a hannu. Ni na daɗe a wurin.

A Disamba abokai za su ja ka kasuwar Kirsimeti. Glühwein giya ce mai zafi. Kinderpunsch shi ne marar giya, kofin kuma akwai jingina a kansa, mayar ka karɓi kuɗinka. In kun ci abinci a waje, mai hidima zai tambaya zusammen oder getrennt, a haɗe ko kowa nasa, kuma kowa nasa shi ne al'ada, ko da wani ne ya ce a fito. Ruwa ba kyauta ba ne, ana ɗan cika kuɗin sama a matsayin tukuici, kuma ka riƙe tsabar kuɗi don har yanzu akwai wuraren da ba sa karɓar kati.

Da katin izinin zama kana iya shiga sauran ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyaka, har kwana 90 cikin 180. Ingila da Ailan ba sa ciki. Daga Munik jirgin yanki yana kai ka Salzburg ta Ostiriya da wannan tikitin. Ka tafi da fasfo da katin tare. In kuwa katin bai fito ba, takardar wucin gadi ce a hannunka, ka tambayi ofishin baƙi kafin ka tsallaka, don akwai irinta da ake fita da ita amma ba a dawowa.

Daren da za ka yi tafiya, ka duba manhajar DB Navigator, ka bar aƙalla minti 15 a duk inda za ka sauya jirgi, don jiragen Jamus ba su kai labarinsu a kiyaye lokaci ba. Ka zuba abinci a roba, ka cika gora a famfo, ka sa kwabbai a aljihu saboda banɗakin tasha biya ake yi. Ka rubuta lokacin jirgin ƙarshe na dawowa, ka yi niyyar hawa wanda ya riga shi. Kafin ka fita kuma ka ciro robar miya ɗaya daga firiza ka sa a firiji, don in ka dawo Lahadi da dare kantuna a rufe za ka tarar.